Keith Wood da shekarar da wasa ya zama sana'a

A ranar 26 ga Agustan 1995, shugabannin hukumar wasan zari-ruga ta duniya suka tashi daga taro a birnin Paris, suka shaida wa 'yan jarida cewa daga wannan rana an halatta biyan ɗan wasa. Ga wanda ya tashi da ƙwallon ƙafa, inda Ingila ta amince da albashin 'yan wasa tun 1885, babu abin mamaki a wannan sanarwa sai jinkirinta. A zari-ruga kuwa, wato ragbi, aƙida ce aka binne wadda aka shafe ƙarni guda ana karewa. Kafin ranar, duk wanda aka tabbatar ya karɓi kuɗi saboda wasa ana iya korarsa har abada, a wasu wuraren ma a hana shi ko zaman hira a zauren kulob ɗin da ya yi wa wahala.

Cikin waɗanda hukuncin ya faɗa a kansu akwai wani saurayi ɗan ƙasar Ayalan mai shekara 23, Keith Wood, wanda a lokacin yake jinyar kafaɗa. Ya fara buga wa ƙasarsa wasa a 1994 babu ko kwabo, ya ajiye wasa a 2003 yana cikin sanannun 'yan wasan duniya. Shekara taran nan ta ratsa iyakar zamani biyu, shi ya sa tarihinsa ya fi na waɗanda suka fi shi tara kofuna koyarwa.

Mai karatu a Daura ko Katsina yana da damar tambayar abin da ya haɗa shi da wasan da ko a gidan kallo ba a nunawa. Abin da ya haɗa mu shi ne dambe. Wasan da kakanninmu suka sani na mahauta ne da kaka, ana yi don suna da kiɗan kalangu, yau yana da gidajen da ake yankar tikiti, da masu ɗaukar hoton bidiyo, da kamfanonin da ke neman sa hannun 'yan wasa. Wannan mararraba ce zari-ruga ta iso a 1995, kuma a jikin mutane irin su Wood aka gwada hanyoyin da aka bi.

Yadda wasan yake

Mutum 15 ne a kowane ɓangare, ƙwallon kuma mai siffar ƙwai ce. Ana gudu da ita a hannu, ba a jefa wa abokin wasa ita sai ta baya ko ta gefe, kuma halal ne a rungume mai ɗauke da ita a kayar da shi. Babban ci shi ne a dire ta a ƙasa bayan layin abokan hamayya, maki 5 ke nan. Bugun laifi da ya bi ta tsakanin dogayen sanduna maki 3.

Abin da ya fi jan idon baƙo shi ne turereniya. Idan aka yi ƙaramin kuskure, sai ƙarfafa takwas daga kowane ɓangare su sarƙe da juna, su sunkuya, su haɗa kafaɗu da takwas na can, a jefa ƙwallo a tsakaninsu a yi ta turi. Nauyin kowane takwas ya haura kilo 800. A tsakiyar sahun gaba akwai mutum ɗaya, mai lamba 2, wanda hannayensa biyu ke rataye a wuyan na damansa da na hagunsa, don haka ba shi da abin kare kansa. Aikinsa ya shuro ƙwallon baya da dunduniya alhali nauyin duka taron na bi ta wuyansa da kafaɗunsa. Shi ne kuma mai jefo ƙwallo daga gefe idan ta fita fili. Nan ne gurbin Keith Wood, kuma duk wanda ya fahimci wannan tsayuwa ya fahimci rabin labarin kafaɗarsa.

Dalilin da ya sa aka ƙi kuɗi

Ana yawan faɗin cewa wani ɗalibi, William Webb Ellis, ya sungumi ƙwallo ya ruga da ita a makarantar garin Rugby a 1823, daga nan wasan ya samo asali. Masana tarihi sun fi ɗaukar wannan a matsayin ƙawa da aka yi wa asali daga baya. Abin da ke tabbace shi ne wasan ya girma a makarantun 'ya'yan masu hali, aka kafa hukumarsa ta Ingila a 1871, sannan ya bazu zuwa garuruwan masaƙu da ma'adinan kwal na arewacin ƙasar, inda leburori suka karɓe shi har suka fi masu shi iyawa.

A nan rigima ta tashi. Lauya ko ɗan mai gona babba ba ya rasa komai idan ya yi wasa ranar Asabar. Mai haƙar kwal kuwa ladan yini yake rasawa, idan ya karye kuma gidansa ya shiga yunwa. Kulob-kulob na arewa suka nemi a yarda su biya 'yan wasansu diyyar lokacin aikin da suka rasa, hukuma ta ƙi. A ranar 29 ga Agustan 1895 kulob-kulob ɗin suka taru a wani otal a Huddersfield suka ɓalle, suka kafa nasu wasan mai biyan kuɗi, wanda daga baya ya koma na mutum 13. Waɗanda suka rage suka mayar da ƙin kuɗi tamkar addini. A ganina ba tsarkin wasa suke karewa ba illa matsayinsu: dokar da ta ce kowa ya yi wasa kyauta, a aikace cewa take yi wasa na mai abin hannu ne.

Shekara 100 cif, saura kwana uku, aka warware wannan doka, kuma talabijin ce ta warware ta. Gasar cin kofin duniya ta 1995 a Afirka ta Kudu, wadda Nelson Mandela ya miƙa kofinta sanye da rigar 'yan wasan ƙasar, ta nuna irin kasuwar da ke kwance. Kamfanin Rupert Murdoch ya ƙulla cinikin dala miliyan 555 na shekara 10 da hukumomin Afirka ta Kudu da Nuzilan da Ostareliya. A gefe guda wasu 'yan kasuwa na ta bin manyan 'yan wasa a ɓoye da takardun kwantiragi don kafa gasar kansu. Dattawan hukuma suka ga idan ba su biya ba wani zai biya ya kwashe musu yara. Hukumar Ayalan na cikin waɗanda suka fi ƙin sauyin, aka ja ta zuwa sabon zamani tana turjiya, ba ta kuma yi wani tanadi ba.

Ɗan gado daga Killaloe

An haifi Keith Wood ranar 27 ga Janairun 1972 a Killaloe, wani ƙaramin gari a bakin kogin Shannon, ba nisa da birnin Limerick. Mahaifinsa, Gordon Wood, ya buga wa Ayalan wasa 29 a sahun gaba na turereniya, ya kuma bi tawagar Zakuna, wato zaɓaɓɓun Birtaniya da Ayalan, a rangadin 1959. Ya rasu a 1982 yaron na da shekara 10. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma da farko ba zari-ruga yaron ya fi so ba; hurling yake yi, wasan sanda da ƙwallo na gargajiyar Ayalan mai kama da ƙwallon gora, kuma masu sharhi sun daɗe suna danganta saurin hannunsa da idonsa da wannan tushe.

Limerick dabam take da sauran ƙasar. A Dublin da Belfast zari-ruga wasan 'yan makarantun kuɗi ne, a Limerick kuwa ɗan dako a tashar jiragen ruwa da likita riga ɗaya suke sawa. A filin Thomond na birnin ne lardin Munster ya doke Nuzilan da maki 12 da nema a ranar 31 ga Oktoban 1978, labarin da kowane yaro a yankin ya tashi da shi. Wood ya shiga kulob ɗin Garryowen, wanda aka kafa a 1884, ya ci gasar kulob-kulob ta ƙasa da su a 1992 da 1994. A watan Yunin 1994 aka sa shi wasansa na farko na ƙasa a Ostareliya.

Ya zo da abin da ba a saba gani ba a mai lamba 2. An san masu wannan gurbi da sunkuyar da kai su yi aikin duhu. Shi kuwa sai ya karɓi ƙwallo ya keta fili da ita, wani lokaci ma ya dake ta da ƙafa kamar ɗan baya, abin da masu horarwa ba koyaushe suke so ba. Ga shi da sanƙo tas tun yana matashi, ana hango shi daga ko'ina a filin, har 'yan kallo suka laƙaba masa sunan da ke nufin fusataccen dankali. A gasar duniya ta 1995 ya ji mummunan rauni a kafaɗa a wasan da suka yi da Japan, ya koma gida. Yana wannan jinya aka yi sanarwar Paris.

Da ya warke sai ya bi sahun mafi yawan fitattun 'yan wasan ƙasarsa zuwa Ingila, inda attajirai suka saye kulob-kulob suna rabon albashi. Harlequins ta Landan ya shiga. A gida kuwa abubuwa sun lalace. Tsakanin 1995 da 1997 Italiya, wadda ko gasar manyan ƙasashen Turai ba a sa ta ba tukuna, ta doke Ayalan sau uku. A 1996 da 1997 da 1998 Ayalan ce ta ƙarshe a gasar ƙasashe biyar. Masu horarwa na shigowa suna fita. A cikin wannan hali aka ba Wood kyaftin a ƙarshen 1996 yana da shekara 24.

Inda duniya ta san ko shi wane ne shi ne rangadin Zakuna na 1997 a Afirka ta Kudu, na farko a zamanin albashi. Masu masaukin su ne zakarun duniya, kuma sahun gabansu, da Os du Randt a ciki, ya fi na baƙi girma nesa ba kusa ba. Masu horarwa Ian McGeechan da Jim Telfer suka zaɓi gajeru uku, Tom Smith da Wood da Paul Wallace, don su shiga ƙarƙashin ƙattin su hana su miƙe ƙarfi. Dabarar ta ci. Suka yi nasara da 25 da 16 a Cape Town. A Durban, ranar 28 ga Yuni, Afirka ta Kudu ta dire ƙwallo sau uku amma duk bugunta ya baude, Neil Jenkins kuwa ya zura bugun laifi biyar. Ana 15 da 15, saura 'yan mintuna, Wood ya dako ƙwallo ta bi gefen fili ya bi ta a guje har aka tilasta wa masu gida fitar da ita kusa da layinsu. Daga wannan wuri Jeremy Guscott ya buga wadda ta raba gardama, 18 da 15. Cikin tawagar akwai mutum shida da suka dawo daga wancan wasa na mutum 13, waɗanda shekara biyu kafin nan haramun ne a tsaya fili ɗaya da su.

Fuskar wa ce?

Akwai wani abu da ya faru a 1998 wanda ba a cika ambata ba idan ana lissafin bajintarsa, ni kuwa ina ganin ya fi wasu kofunan nauyi. Hukumar Ayalan ta kawo wa 'yan wasanta kwantiragi, Wood ya ƙi sa hannu saboda sharaɗin da ya shafi amfani da sunansa da hotonsa wajen talla. Aka ajiye shi daga tawaga na ɗan lokaci kafin a daidaita ya dawo. Mutane da yawa sun ga kwaɗayi ne a lokacin, don an saba ɗan wasa ya yi godiya da rigar ƙasa ya yi shiru. Amma tambayar da ya ɗaga ta gaskiya ce. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma hukumar ta fahimci wannan ɓangare sarai: tunda tana biya, sai a zo atisaye kullum, a ci abin da aka ce, a yi wasa ko jiki na ciwo. Abin da ba ta so ta fahimta ba shi ne cinikin yana da iyaka, kuma wanda ya sayar da ƙarfinsa bai sayar da fuskarsa ba sai an yi wani cinikin. A 2001 'yan wasan Ayalan suka kafa ƙungiyar kare haƙƙinsu.

Shekarar 1999 ta haɗa masa zuma da maɗaci cikin wata guda. A ranar 2 ga Oktoba ya dire ƙwallo sau huɗu shi kaɗai a kan Amurka a Dublin, abin da ko masu gudun gefe ba safai suke yi ba. Ranar 20 ga wata Ajantina ta fitar da Ayalan daga gasar duniya a garin Lens na Faransa, 28 da 24, bayan 'yan Ayalan sun shafe mintunan ƙarshe suna dukan layin Ajantina ba su keta ba. Har yau idan ɗan Ayalan ya ce Lens, wannan dare yake nufi.

Kunyar Lens ta hanzarta gyaran da aka riga aka soma. Tsibirin Ayalan ya rabu gida biyu a siyasance tun 1921, amma a zari-ruga tawaga ɗaya ce, mai tushe a larduna huɗu na gargajiya: Leinster, Munster, Ulster da Connacht. Hukumar ta yanke shawarar ba za ta bar wa attajirai kulob-kulob ba. Ta mayar da lardunan nan huɗu ƙungiyoyin ƙwararru mallakarta, ta riƙa biyan manyan 'yan wasa kai tsaye, ta kira na Ingila su dawo. Tunda ita ke biya, ita ke ƙayyade yawan wasan da mutum zai buga a shekara da lokacin hutunsa. A 2002 ministan kuɗi Charlie McCreevy ya ƙara da dokar haraji wadda ke mayar wa ɗan wasa wani kaso na harajin da ya biya idan ya yi ritaya, don a ba shi dalilin zama gida. Tsarin bai rasa aibu ba. A farkon 2003 hukumar ta so rufe Connacht, lardin da ya fi talauci, sai da magoya baya suka yi tattaki zuwa ofishinta a Dublin ta fasa. Wannan lardin da aka so kashewa ne ya ci gasa a 2016, kuma cikin waɗanda suka dire ƙwallo a wasan ƙarshe akwai Niyi Adeolokun, haifaffen Ibadan.

Wood ya dawo Munster na kaka ɗaya, 1999 zuwa 2000. Suka doke Toulouse a ƙasar Faransa suka kai wasan ƙarshe na kofin Turai, inda Northampton ta tsere musu da maki ɗaya, 9 da 8. A tawagar ƙasa, bayan Ingila ta lallasa su 50 da 18 a farkon 2000, mai horarwa Warren Gatland ya zuba sababbin yara biyar lokaci guda, cikinsu har da Ronan O'Gara da Peter Stringer da John Hayes. A watan Maris suka ci Faransa a Paris, 27 da 25, karo na farko tun 1972, wani yaro Brian O'Driscoll ya dire uku. Wood ne kyaftin, shi ne kuma babban da ya san zamanin da babu komai.

Ƙololuwarsa ita ce 2001. Ya buga dukkan manyan wasanni uku na Zakuna a Ostareliya, ko da yake an ci su biyu da ɗaya. Cutar nan ta baki da kofato da ke kama shanu ta sa an ɗage wasannin Ayalan daga bazara zuwa kaka, don haka sai ranar 20 ga Oktoba Ingila ta zo Dublin tana neman cika nasara biyar cikin biyar. Daga wata jifar gefe da suka shirya, Anthony Foley, ɗan garinsu Killaloe, ya miƙo masa ƙwallo ya bi ta kan mai tsaro ya dire. Aka tashi 20 da 14. A ƙarshen shekarar hukumar duniya ta ƙirƙiro kyautar gwarzon ɗan wasa, shi aka fara ba.

Abin da ya shafe mu

Mu koma gida. A ƙasar Daura, daga Zango da Baure zuwa Sandamu da Mai'aduwa, kamar sauran ƙasar Hausa, dambe da kokawa wasannin bayan girbi ne. Dambe ya taso a hannun rundawa, da tsarinsa na gado da biyayya wanda har yau ake jin sa a sunaye: wane Shagon wane, wane Autan wane, wane Bahagon wane. Ladan ɗan dambe kari ne da liƙi da waƙa, kuma da ba don Ɗan Anace ba da yawancinmu ba mu san Shago ba. Yanzu akwai gidajen dambe na dindindin irin na Dei-Dei a Abuja, ana kiran 'yan wasa da ɓangarorinsu na Arewa da Kudu da Guramada, kuma tashoshi irin su Dambe Warriors sun kai wasan ga masu kallo a ƙasashen da ba su taɓa jin kalangu ba. Kuɗi ya riga ya shigo. Abin da ya rage a tantance shi ne wanda zai riƙe ragama.

Ingila ta bar wa kasuwa. Sakamakonsa, tun 1999 Richmond da London Scottish suka durƙushe da masu kuɗin suka janye hannu, sannan tsakanin 2022 da 2023 Worcester da Wasps da London Irish suka bi su, 'yan wasa suka wayi gari babu albashi. Ayalan ta riƙe a hannun hukuma guda mai amsa tambaya, ƙasa mai mutane ƙalilan ta kai matsayi na ɗaya a jadawalin duniya. A wasanninta na gargajiya kuwa, hurling da ƙwallon Gaelic, wata hanya ta bi: ƙungiyarsu da aka kafa a 1884 har yau ba ta biyan 'yan wasa albashi, kowa gundumarsa yake buga wa, kuma suna cika filin Croke mai cin mutum fiye da 82,000. Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda daga Daura ba su fi tafiyar ɗan lokaci ba ta Kwangwalam, gwamnati ce ta ɗauki nauyin kokawa tun 1975, ana gasar takobi tsakanin jihohi, kowane ɗan kokawa da jiharsa.

Ba na jin dambe zai iya komawa na kyauta, kuma ban ga adalci ba a ce wa saurayin da ke sa haƙarƙarinsa a kasuwa ya ƙoshi da kirari. Hujjar da masu hali suka kafa wa leburorin Huddersfield ke nan. Abin da nake tsoro shi ne hanyar Ingila ba tare da ko dokokin Ingila ba: mai gida ya yanki tikiti, mai bidiyo ya ci kuɗin talla shekara da shekaru a kan kisa guda, wanda aka kashe kuwa a ɗauke shi a yayyafa masa ruwa, jibi ya sake ɗaura kara saboda ba shi da abin kai wa gida. Tambayar Wood ta 1998 tana nan daram a kan kowane faifan dambe da ke yawo a waya. Lauyoyinmu da likitocinmu da masarautunmu, waɗanda Sarkin Pawa ke ƙarƙashinsu tun fil azal, ba su rasa abin cewa a nan ba.

Batun likita ba ƙari ba ne. Albashi ya sa 'yan zari-ruga sun ƙara girma da sauri, karo ya ƙara muni, kuma sai bayan shekaru aka ga farashin. Steve Thompson, mai lamba 2 na Ingila da ya ci kofin duniya a 2003, ya bayyana a Disambar 2020, yana da shekara 42, cewa an same shi da ciwon mantuwa mai saurin kamu, kuma ba ya tuna wasannin gasar da ya ci. Shi da ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa sun kai hukumomin wasan kotu. Wannan a wasan da ke da likita a bakin fili ke nan. A dambe, inda kai ake nema da gangan, lissafin turmi nawa mutum ya yi a wata ya kamata ya zama aikin wani.

Melbourne

Jikin Wood ya fara karɓar bashinsa da wuri. An yi masa tiyata sau da dama, galibi a kafaɗa, kuma kusan duk kakar 2002 zuwa 2003 a jinya ya yi ta, O'Driscoll na riƙe masa kyaftin. A 2002 ɗin kuma ya rasa yayansa Gordon da mahaifiyarsa, rasuwar ba nisa tsakani. Ya tattara abin da ya rage masa don gasar duniya ta 2003 a Ostareliya. A Adelaide suka rama wa Ajantina da maki ɗaya, 16 da 15. Masu masauki suka tsira daga hannunsu da maki ɗaya su ma, 17 da 16. A ranar 9 ga Nuwamba a Melbourne, Faransa ta gama da su tun kafin hutun rabin lokaci, aka tashi 43 da 21. Da aka busa tashi ya rungumi kyaftin ɗin Faransa, Fabien Galthié, sannan ya faɗa wa 'yan jarida ya gama. Shekararsa 31. Ya buga wa Ayalan wasa 58, ya dire ƙwallo 15, adadin da babu mai lamba 2 da ya taɓa kaiwa a lokacin. Daga baya ya koma sharhin wasanni a rediyo da talabijin, ya kuma mayar da iyalinsa Killaloe.

Bai ɗaga kofi ko ɗaya da rigar Ayalan ba a gasar ƙasashen Turai. Munster ta ci kofin Turai a 2006 da 2008, Ayalan ta cinye duka wasanninta biyar a 2009, karo na farko da ta yi irin wannan shara tun 1948, kuma ƙashin bayan waɗannan tawagogi yaran nan ne da aka zuba a ƙarƙashinsa a 2000. Ba a ma kai can ba: wata huɗu bayan Melbourne, ranar 6 ga Maris 2004, Ayalan ta je Twickenham ta doke Ingila, sababbin zakarun duniya, 19 da 13, sannan a ƙarshen watan ta doke Skotlan, bayan ta riga ta ci Wales, ta karɓi kambin da rabonta da shi tun 1985. Mai lamba 2 a ranar shi ne Shane Byrne na Leinster, wanda ya shafe shekaru yana jiran gurbin, bai samu buga wa ƙasa wasan farko ba sai a 2001, yana dab da cika shekara 30.